Inna Mai Ido da Ƙudan Mangwaro

Duk wanda ya taɓa sauke kwandon mangwaro a ƙofar kamfanin da ke bayan tashar manyan motoci ya san Inna Mai Ido, ko da kuwa bai so saninta ba. Mace ce 'yar siririya, ba ta da wani jiki, muryarta ce kawai ta fi ƙarfinta. Ita ce shugabar babban teburin tsinta, dogon teburin nan da bel yake jan mangwaro a kansa bayan an wanke, mata suna tsaye dama da hagu suna cire marar kyau kafin a jera a kwali a kai tashar jirgin ruwa. Mai tabo da mai ƙwarzane kowa ma zai cire. Abin da ake tsoro shi ne ƙuda. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ne da yake sokar fatar mangwaro tun yana kan bishiya, ya zuba ƙwai a ciki ya yi gaba abinsa, ba ya barin komai sai ɗan ɗigo kamar tsinin allura. Mangwaro zai fito sumul, ya shiga kwali, ya hau jirgi, sai can a ƙasar mutane a yanka a tarar da tsutsa tana miƙa. Wannan ɗigon shi Inna take gani, kuma tana ganinsa ne bel yana gudu, tana hira, wani lokacin ma tana tsakiyar faɗa da wata.

Uwarta mai kasa mangwaro ce a bakin titi. Tun tana 'yar ficiciya aikinta ware na sayarwa daga na zubarwa, in ta kuskure mai saye ya dawo da zagi, uwar ta sauke zagin a kunnenta. Da aka buɗe kamfanin, lokacin rumfar kwano ce kawai da tabarmi, tana cikin matan farko da aka ɗauka. Mijinta bakanike ne mai sanyin hali, bai yi tsawon rai ba, ya bar ta da yaro ɗaya. Da teburin nan ta raine shi har ya zama direban babbar mota, yana kai mangwaro tashar jirgi ya dawo da tuffa da inabin da ake shigowa da su. Da ya yi aure, matar tasa ma Inna ce ta samo mata gurbi a teburin.

Sai dai a faɗi gaskiya, Inna ba ta da daɗin aiki. Idan yarinya ta bar mai ƙuda ya wuce, ba za ta ja ta gefe ba, ina, sai ta sa an tsayar da bel, ta ɗaga mangwaron sama kowa ya gani, ta tambaye ta ko idon da ke fuskarta na ado ne. Mata nawa ta sa kuka a bayan ɗakin sanyi, Allah kaɗai ya sani. Amma ita ɗin ce dai in ɗan wata ya kwanta asibiti take haɗa aikin mutum biyu don kada a ba wa wata gurbin. Mutum ɗaya ce take iya mayar mata da magana, Gajera, wadda suka fara aiki tare tun zamanin tabarmi, take tsayawa a kan katako don hannunta ya kai tsakiyar bel. Kullum suna cikin tsokanar juna, wannan ta ce da waccan guntun turmi, waccan ta ce da wannan sandar rake. Kowane kwali yana fita da hatimin teburin da ya tsince shi, har masu saye a ƙetare suka san hatimin Inna suna tambayarsa. Shi kuwa Manaja, in baƙi sun zo, kafin ya nuna musu injin wanki ko ɗakin sanyi, Inna yake fara nunawa, yana washe baki kamar shi ya haife ta.

Abin ya fara mata ne da zare da allura. Ta ce allurar yanzu ce ba ta da ƙofa. Daga nan ta ce fitilun kamfani sun tsufa, ta tasa Manaja a gaba har ya sauya su, aka sa sababbi masu hasken da ke kashe ido, abin ya ƙara muni, don yanzu kowane mangwaro sai ya zama kamar an shafa masa mai. Fuskar mutum daga nesa ta zama inuwa, sai ya yi magana take gane shi. Ta san sunan abin. Uwarta da yanar ido ta mutu, ana jan ta da sanda zuwa bayan gida. Ta sayi tabarau a hannun mai talla, tana sawa a ɗaki bayan ta ja labule, bai ƙara mata komai ba sai ciwon kai. Asibiti kuwa, wa ya aike ta? Ta san matan unguwa. Da safe a gan ta a layin masu ciwon ido, kafin azahar labari ya kai kamfani, waɗanda ta tambaya ko idonsu na ado ne su sami abin faɗa. Ta gwammace ta mutu.

Sai ta koma ga yatsa da hanci. Takan ɗauki mangwaro ta murza shi da babban yatsa, ta kai kusa da fuska kamar mai nazari, alhali shinshinawa take yi. Wanda ƙwai ya daɗe a ciki yakan yi laushi a gurin, yakan yi ɗan tsami, wannan tana kama shi. Amma sabon suka ba ya laushi, ba ya wari, ido kawai ke kama shi. Don kada a ga kwandon rejinta, inda take jefa marasa kyau, ya rame, sai ta riƙa cire mangwaro haka kawai tana jefawa, tana tsaki kamar da gaske. Ta daina tsayar da bel don kunyata kowa, matan suka ce Inna ta yi sanyi, tsufa ya zo. Kakar mangwaro ta wuce, wata kakar ta wuce, ba a dawo da kwali ko ɗaya ba. Har ta fara gaya wa kanta cewa yatsan nata ya maye gurbin ido. Mutum dai in yana son ya yarda da abu, ba ya rasa hanya.

A kakar da abin ya faru, ƙasar da ta fi sayen mangwaronsu ta riga ta yi kashedi. Sun kama tsutsa a kayan wasu kamfanoni, sun ce suna da gonakin lemo da ba za su bari ƙudan nan ya shiga ba, in aka ƙara kama ko ɗaya za su rufe ƙofa ga mangwaron ƙasar gaba ɗaya. Manaja ya tara ma'aikata ya karanta musu, ya ƙare da cewa shi dai hankalinsa kwance yake tunda yana da Inna. Aka yi dariya. Ita ma ta yi. Ana tsakiyar kaka surukarta ta haihu, aka kawo wata sabuwa ta tsaya a gurbinta a ƙarshen tebur. Inna ta yi ta murna da jika namiji, tana goya shi tana masa kirarin banza da wofi.

Jikan bai fara zama ba labari ya iso. An buɗe kwantena a can, an yanka, an ga tsutsa, an ƙone kayan, an rufe ƙofa. Kuma kwalin da hatimin teburin Inna ya fita.

To, daga nan sai manya suka karɓi zancen. Kullum rediyo tana kai. Gwamnatinsu ta ce ƙarya ce, wani ƙuda ake fakewa da shi, manoman can ne suka fara noman mangwaro suke so a kore musu abokan gasa. Waɗancan suka ce ga hoto, ga tsutsa. Waɗannan suka ce hoto ai ko'ina ana ɗaukarsa. Sai kuma aka wayi gari su ma sun gano cewa tuffar da ke zuwa daga can tana da wani ƙwaro, aka hana sauke ta, ta yi ta ruɓa a tashar jirgi. Wai an rama. Wanda aka rama a kansa shi ne ɗan Inna, da ba shi da abin kaiwa ba shi da abin dawowa da shi, motarsa tana tsaye a ƙofar gida yara suna wasan ɓuya a ƙarƙashinta. Aka kashe bel, aka sallami mata. Manoma suka zuba mangwaro a kasuwa har ya fi ƙarfin masu ci, sauran suka tuttula a gefen hanya, gari ya ɗauki tsami.

Abin da ya fi ci wa Inna rai ba wannan ba ne. Manaja ne ya fara faɗa a taron manoma, yana dukan ƙirji, cewa hatimin da aka nuna shi ne shaidar ƙaryarsu, don mangwaron da ya bi ta gaban Inna Mai Ido ko kwarkwata ba ta tsira a jikinsa, balle ƙuda. Manoma suka tafa. Maganar ta yi daɗi a baki, ta bi gari, har wani babba daga ma'aikatar gona ya maimaita ta a rediyo, ya ce suna da dattijuwar da idonta ya fi na'urar waɗancan. Inna tana zaune a tsakar gida da jika a cinya ta ji, ta ji kamar an watsa mata ruwan wanke-wanke a bainar jama'a. Tun daga ranar, in ta fita sai an tare ta. Wannan ya ce Inna an yi miki sharri, wancan ya ce Allah zai saka miki. Wani tsohon manomi da ta sani tun yana kawo kaya a kan keke ya riƙe hannunta biyu, ya ce ya sare rabin bishiyoyinsa zai shuka masara, amma shi abin da ya fi ƙona masa rai sunanta da aka ɓata. Ta ce Allah ya kyauta. Kullum abin da take cewa ke nan, Allah ya kyauta, ta wuce da sauri tana lalubar hanya da ƙafa.

Ta daina zuwa kasuwa. Rannan wata daga cikin matan teburin ta yi sallama tana neman wankau, mace mai 'ya'ya da yawa da miji kwance, ba ta san ƙofar wa ta buga ba sai da ta shigo. Suka gaisa suna sunne kai, kowacce da tata kunyar. Inna ta kwaso zannuwan da ba su yi datti ba ta ba ta. Bayan fitarta ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, abinci bai shiga bakinta ba ranar. Sau da yawa takan shirya maganar a ranta, ta ce gobe za ta je ta sami Manaja. Goben ta zo, ta tuna da rediyo, da tafin manoma, sai ƙafa ta ƙi.

Ana nan, da kaka ta sake gabatowa, ƙasashen biyu suka gaji da cacar baki suka yarda da abu ɗaya. Waɗancan za su turo likitar tsirrai ta zo ta ga yadda ake tsinta da idonta, in ta gamsu a buɗe ƙofa. Kamfaninsu aka zaɓa, kuma ba sai an faɗi dalili ba. Manaja da kansa ya zo har gida, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa mata sabuwar rigar aiki fara sol. Ya ce Inna, abincin mutane da yawa yana hannunki, ki nuna musu. Ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Abin da ya fito shi ne, Allah ya ba mu sa'a.

Washegari ta aiki ɗanta ya samo mata kwandon mangwaron farko, ta ce kwaɗayi take ji. Da gida ya yi shiru ta zauna a bakin ƙofa inda rana take, ta ware kashi biyu, masu kyau da masu ƙuda, sannan ta ɗauki wuƙa ta bi su tana yankawa tana shafa cikin da yatsa. A cikin waɗanda ta yarda da su ta ji abu yana motsi. A cikin waɗanda ta ƙi, da yawa lafiyarsu ƙalau. Tana zaune hannu duk danƙo ta ji motsi a bayanta. Surukarta ce, da yaro a baya, ba ta san tun yaushe take tsaye ba. Yarinyar ta kwashe ɓawon, ta kawo ruwa ta wanke mata hannu, ta saka mayafi ta fita.

Tare da Gajera ta dawo. Gajera ta ja kujera ta zauna, ba tsokana ba wasa, abin da Inna ba ta taɓa gani ba. Ta ce ranar da baƙuwa za ta zo ita za ta tsaya a damarta, ba za ta hau katako ba, in mai ƙuda ya iso gabanta za ta taka mata ƙafa, ita kuma ta ɗauke wanda ya fi kusa da hannunta. In an raba su, tari za ta yi. Inna ta yi ta maza, ta ɗaga murya, ta ce ita za a taka wa ƙafa, ita da ta koya wa rabin garin nan tsinta?

"Sandar rake, ki bari," in ji Gajera. "Mun sani. Tun kafin a sauya fitilu muka sani."

Sai maganar ta fito duka. Teburin gaba ɗaya ya sani. Gajera ce take riga ta cire abin da ta iya, surukar kuma da gangan ta nemi a mayar da ita ƙarshen tebur don ta tare abin da ya wuce. Har kwandon rejinta suna bi a lokacin hutu su mayar da masu kyau, kada Manaja ya lura. Sanyin da aka ce ta yi, da yatsan da take taƙama da shi a ranta, duk su ne. Matan da ta sa kuka a bayan ɗakin sanyi su ne suka haɗa baki suka rufa mata asiri, suna amsa mata da to Inna, to Inna. Ta tambaya, da muryar da ita kanta ba ta gane ba, me ya hana su gaya mata. Gajera ta ce wa zai iya? Sai surukar ta fashe da kuka. Ta ce laifinta ne. Ranar da za ta tafi haihuwa ta yi niyyar jan sabuwar matar gefe ta ce mata ta buɗe ido sosai a ƙarshen tebur, sai ta ga in ta faɗa dole a tambayi dalili, ita kuma ba za ta iya tona uwar mijinta a gaban baƙuwa ba. Sabuwar ta zo ta ga Inna Mai Ido ce a gaba, ta saki jiki tana jera kwali kawai.

Inna ta ji kunyar da ba ta taɓa sanin akwai irinta ba. Da tana ɗauka ita kaɗai ce take ɗauke da abin, ashe tsirara take yawo shekara da shekaru, mutane suna kau da kai don ladabi. Ga kuma yarinya tana neman gafara don kawai ta je haihuwa. Ta so ta zage su, ta so ta gode musu, ta kasa ko ɗaya. Gajera ta ce yanzu ba lokacin wannan ba ne, mata suna gida babu abin ɗorawa, a buɗe ƙofar tukuna, sauran magana daga baya. Inna ta gyaɗa kai.

Ranar ta zo. An wanke kamfani har da bango, an shafa fenti a ƙofa. Ga Manaja cikin kwat yana gumi, ga babban nan na ma'aikatar gona da mutanensa, ga shugabannin manoma a bakin taga. Baƙuwar ashe yarinya ce ba ta wuce sa'ar surukarta ba, ga ladabi, ta gaishe ta ta bakin tafinta, ta ce ta ji labarinta tun daga can. Ita da kanta ta je gona ta zaɓo mangwaro, ta cakuɗa masu suka a ciki ta zuba a bel. Aka kunna.

Abin ya tafi daidai. Gajera ta taka, Inna ta ɗauke. Ta taka, ta ɗauke. Baƙuwar tana karɓa tana dubawa da gilashin hannu, tana yankawa, tana girgiza kai don mamaki. Aka fara guna-gunin murna a bakin taga. Inna kuwa kowace takawa ji take kamar a fuska ake taka ta. Da aka kashe bel, baƙuwar ta yi doguwar magana, tafinta ya fassara. Ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ta ce da farko niyyarta ta nemi sai an gina tukunyar ruwan zafi da ake tsoma mangwaro don kashe ƙwai kafin a buɗe, abin da zai ci kaka guda ko fiye, amma yanzu za ta ba da shawara a buɗe bana, muddin wannan dattijuwa ce a kan duk kwalin da zai tafi. Sai dai su sani, in aka ƙara kama tsutsa bayan wannan, rufewar ba ta shekara ɗaya ba ce. Manaja ya ce an gama, ya rantse a kan haka.

Sai baƙuwar ta zaro mangwaro ɗaya daga jakarta, ta zagayo teburin, ta ja Inna gaban taga tana murmushi. Ta ce wannan ita kanta sai da gilashi ta iya yanke hukunci a kansa, tana so ta ga abin a kusa, don ta ba da labari a gida.

Inna ta karɓa. Kore ne, mai sanyi, sumul a yatsa. Ta juya shi a hasken taga, ba ta ga komai ba sai kore. Can bayanta Gajera, da ta leƙa shi lokacin da aka wuce da shi ta gabanta, ta yi tari, tari mai kyau kamar na gaske. Amsa ta zo ke nan, kalma biyu ce ta rage a buɗe ƙofa. Sai ta hango kakar da ke zuwa, kwali bayan kwali da hatiminta, Gajera da ita ma ba yarinya ba ce tana ƙura ido a madadinta, surukarta da wata rana za ta sake haihuwa ko yaro ya yi zazzaɓi. Ta tuna da abin da ya motsa a ƙarƙashin yatsanta a bakin ƙofa.

"Tarin nan ya ce yana da ƙuda," ta ce wa tafinta. "Ni ban gani ba. Gaya mata ba na gani, 'yata. Na daɗe ba na gani. Kwalin da suka kama nawa ne, ba su yi ƙarya ba."

Tafinta ya tsaya yana kallon babban ma'aikatar gona. Ta ce ya faɗa, ko ita ta nuna da hannu. Ya faɗa.

Ba wanda ya yi ihu, kuma da an yi da ya fi mata sauƙi. Baƙuwar ta sunkuyar da kai, ta karɓi mangwaron a hankali kamar ita ce ta yi laifi. Babban ya juya ya fita da mutanensa, ƙarar takalmansu kawai ake ji. A bakin taga aka watse ɗaya bayan ɗaya. Gajera ta zauna a kan katakonta ta rufe fuska da mayafi, don yanzu ita ma ta shiga ciki, da ita da duk teburin. Manaja ne ya matso. Inna ta shirya wa zagi, har tana marmarinsa. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, yanar ido ce kawai? Bara aka yi wa mahaifiyata aikin. Da safe na kai ta, da yamma muka dawo gida. Da kin gaya mini, da motata zan kai ki."

Ba a buɗe ƙofa ba a kakar. Aka ce sai tukunyar ruwan zafi, aka shiga neman wanda zai gina, manya suka ci gaba da musu a kan wa zai fara sauke nasa takunkumin. Rediyo ta daina ambaton dattijuwa. A unguwa baki ya rabu, wasu suka ce ta yi abin da ya dace, wasu suka ce da ta yi shiru na minti ɗaya da yara sun ci abinci, gaskiyar da ba ta zo da wuri ba me ta tsinana. Inna tana ganin duk sun faɗi daidai. Gajera ta yi wata da watanni ba ta taka gidan ba. Ɗanta ya sami jigilar yashi, bai taɓa ɗaga mata maganar ba ko sau ɗaya, kuma shirun nasa ya fi mata nauyi.

Shi ya kai ta asibitin, a gaban motar yashi. Yadda Manaja ya faɗa haka abin yake, da safe aka shiga da ita, da yamma tana gida. Da aka cire audugar, ta ga zaren da ke jikin rigar likita, ta ga ƙudan da ke kan taga da ƙafafunsa. Ta ga fuskar jikanta a karon farko, ashe kakansa bakanike ya ɗebo. Ta yi kuka, likita ya ce ta bari kada ta ɓata aiki.

Da ido na biyu ya warke ta fita kasuwa da ƙafarta. Lokacin mangwaro ne, an tula shi ko'ina, manya-manyan da aka shuka don jirgi, ana roƙon mutane su ɗauka. Tun daga nesa take ganin ɗigon, wannan yana da shi, wancan babu, wancan biyu ne a gindi, idon ya dawo tas kamar na budurwa, ba kuma wanda ya tambaye ta. A bayan wani tuli ta hangi matar nan mai wankau, ta kasa mangwaro a kan buhu, 'yarta babba da ya kamata tana makaranta tana korar ƙuda da kwali. Uwar ta rame. Inna ta ga ƙashin wuyanta, ta ga inda sabulu ya cinye mata 'yan yatsu, abubuwan da ranar da ta shigo gidan ba ta gani ba. Matar ta ɗago, ta gane ta, ta gyara mayafi ta ɗan rusuna yadda ta saba a tebur.

"Sannu Inna. An ce ido ya buɗe. Barka."

Inna ta amsa tana kallon ƙasa. Haka take amsa wa kowa yanzu.